Baba da Tagogin Akurkina

Ranar Laraba, tara ga watan Yuni, da hantsi, Allah Ya karɓi ran surukina, wanda duk gidan nan muke kira Baba. Ciwon zuciya ne ya kwantar da shi kwana uku a asibiti. Mai shi Ya karɓi abinSa, mu ma muna tafe.

Baba, yau kwana shida na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna cikin mata masu karɓar gaisuwa, ba na minti goma sai na miƙe. In shiga kicin, in fito, in leƙa bayan gida, in dawo ban san abin da ya kai ni ba.

Shekara goma sha ɗaya ina gidanku, tsakanina da ku gaisuwa ce kawai, kaina a sunkuye. Akurkin kaji ne ya buɗe mana baki. Ni na haɗa shi da guntayen katako da tsohon kwano, lokacin ɗanku yana can wurin aikinsa. Ruwan farko na bana ya zo da iska, ya shiga ta kowace kafa. Da safe na kwashe gawar 'yan tsaki ashirin da uku a bokiti, ina kuka, ina cewa na bar kiwo. Bayan la'asar sai na ji ƙarar guduma.

Ku da kuka shekara arba'in kuna aikin kafinta har likita ya raba ku da zarto, ga ku durƙushe cikin kashin kaji. Kuka ɗaga daɓen, kuka ƙara wa rufin baki saboda feshi, kuka bi kan kowace ƙusa da kwalta. Da na kawo leda zan toshe ko'ina, kuka tare ni.

"'Yar nan, dafa su za ki yi da ransu? Ruwa ake hanawa, a bar musu iska."

Ranar na fara dariya a gabanku.

Taga uku kuka yanka can sama, dab da rufi. Kowace kuka sa mata raga mai ƙananan ido, ninki biyu, don ɓera. Gilashin murfinsu daga tsohuwar kabad ɗin Inna, matarku, kuka ciro shi, ta yi kwana biyu tana mita. Da yankin taya kuka rataye su, suna buɗewa sama a tokare da ɗan itace. Kuka ce ni zan buga ƙusoshin. In na lanƙwasa ɗaya, ku miƙar da ita a kan dutse, ku miƙo mini, ba faɗa.

Ran da muke sa ta ukun na ga kun dafe ƙirji, kun jingina da bango, gumi na tsiyaya. Na juya zan kira Inna.

"Dawo," kuka ce. "Kada ki gaya mata, za ta hana ni fitowa. Miƙo mini ragar."

Na miƙa muku, Baba. Na yi shiru mako biyu cur, har ranar da aka ɗauke ku a mota. Abin da yake hana ni zama ke nan.

Jiya na kasa jurewa. Na sami Inna a ɗakinta, na durƙusa na faɗa mata duka. Ta kama hannuna.

"Ai na sani. Kullum ya shigo sai na shafa masa ƙirjin. Ke ya ce kada a gaya wa, don kar ki ƙwace masa gudumar."

Muka rungume juna, muka yi kukan da ba mu yi ba ranar jana'iza.

Ya Allah, Ka jiƙan Baba, Ka yafe masa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, da mijina, da ƙannensa, da jikoki. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa. Ni kuma, Baba, ku yafe mini biyayyar da na yi muku a ranar nan.