Fasfon Ilu da Nawa

Shekara shida ke nan da rasuwar Ilu, kuma in faɗi gaskiya, har yau ban gama jin haushinsa ba.

Ɗaki ɗaya muka zauna a unguwar Manfuha, mu biyu direbobi. Ni ina jan motar kafilina, Balaraben da ya ɗauki nauyin zamana a Riyad. Shi kuwa, ɗan gatan, ya samu aiki a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, yana tuƙa wata lauya 'yar gabashin Asiya, daga ƙasar da ba ta daɗe da fita hannun soja ba. Kullum sai ya cika min kunne da labarinta. Wai an taɓa ɗaure ta saboda kare ma'aikata, daga baya kuma da ita aka zauna aka gyara dokokin. Wai a can yanzu ubangida bai isa ya riƙe takardun ɗan aiki ba.

"To mu ma ai soja sun koma bariki," nakan ce. "Me ya canja?"

Wata rana ya shigo ya wurga fasfonsa kan katifata. Matar ce ta sa aka danƙa masa. Nawa kuwa shekara tara yana durowar kafili, don duk mun ɗauka haka doka take. Wallahi ji na yi kamar in yaga shi.

Ya ce, "Sani, ashe nan ma an hana. Ga takarda madam ta sa an rubuta maka da Larabci, ka kai wa mutuminka."

Na ce ya riƙe tsiyarsa, ni ba ni da uwar ɗaki mai digiri. Ba tsoron kafili na ji ba. Ban so alherin ya zo ta hannun Ilu ba ne.

Da ciwon ƙoda ya kama shi, cikin mako guda ya isa Katsina, ya cika a gaban mahaifiyarsa. Tawa ta kwanta ciwo bayan wata biyar. Ta rasu ina nan zaune, ina jiran kafili ya dawo daga hutu ya buɗe durowa.

Yau mata na tuƙi a Riyad. Da Ilu na nan, na san tsokanata zai yi: "Ka gani ko? Doka ma tana motsi."

Takardar sai bayan rasuwar mahaifiyata na tsince ta a aljihun rigar da ya bari. Ranar da na kai, kafili ko musu bai yi ba, ya miƙo min fasfon. Yana aljihuna yanzu, ko masallaci da shi nake zuwa. Allah ya jiƙan Ilu. Shi uwarsa ta shafa masa kai, ni kabarin tawa aka nuna min.