Waken da ke Hannun Baba

Shekarar da ɓarin jikin Baba na dama ya shanye, ni na yi jinyarsa a asibiti a Sakkwato. Kafin a sallame mu, likitar da ke gasa masa jiki ta zaunar da ni. Ta ce hannun lafiyarsa lau, a ƙwaƙwalwa ɓarnar take. Jini ya yanke wa wurin da ke aika wa yatsu saƙo. Amma in an matsa wa hannun da aiki, wuraren da ke kusa sukan koyi aikin a hankali. In aka bar shi, ƙwaƙwalwa ta manta da shi. Ta ce kullum in naɗe hannun hagu da zane na ɗan lokaci, in ba shi wake ya riƙa tsinta da na dama.

Muka koma ƙauyenmu Marnona na fara. Mutumin da ke cira buhun albasa shi kaɗai, sai ga shi yana gumi a kan ƙwayar wake ɗaya, miyau na zuba. Bai taɓa cewa a bari ba. A mako na uku ya jefa guda huɗu a kwano, har ya yi dariya da rabin baki.

Ranar nan Baffa, yayan Baba, ya shigo da masu dubiya, suka same mu a haka.

"Ke! Mi ni ka gani haka? Ubanki kinka ɗaure awa akuya?"

"Baffa, likita ta ce..."

"Likita ta haihe ki? Dattijo da ɗiya goma shina tsintar wake gaban mutane?"

Ya kwance zanen, ya shure kwanon. Daga ranar gidanmu ya cika da masu ladabi. Wannan ya ba shi fura a baki, wancan ya sa masa hula. Aka kira wanzami ya yi wa hannun ƙaho har fatar ta yi ruwa, aka shafe shi da wani man da warinsa ke hana ni cin tuwo. Kowa na ta fama da hannu, ba mai tuna kai. Na tsani ladabin nan, har yau ina jin ƙyamarsa. Na fi jin ƙyamar kaina, don ni aka yi wa bayani, kuma na yi shiru saboda kada a ce ba ni da tarbiyya. Na tattara na koma ɗakina a Wurno.

Bayan wata biyar na zo. Hannun ya dunƙule a ƙirjinsa, farce ya shige nama. Wani tsami na tashi daga ciki, ashe ba wanda ya buɗe shi ya wanke, wai kada a ji masa ciwo. Na kawo ruwan ɗumi na ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya.

A tsakiyar tafin akwai ƙwayar wake, ta kumbura ta yi baƙi. Na ɗaga gefen tabarmarsa, na ga wasu a ɓoye, kusan cikin tafi.

Baba ya kalli ƙofa, ya rage murya.

"Na ɗauke shi da kaina, ɗiyata. Sakin ne ya ƙiya."