Hoton da na juya wa baya

"Hajiya, kar ki taɓa da hannun mai!"

Jikana Nura ke nan jiya, a ɗakina nan Dutsin-Ma. Shi dai ba shi da abin so sai tonon tsofaffin fim na hoto, baƙaƙen nan da ake ɗagawa a rana. Yana saka su a wata 'yar na'ura mai haske, sai hoto ya fito a kwamfuta.

Na ce, "Miji ba cefane sai tsawa? Fito da ni, mu ga ko matarka ta kama ƙafata a kyau."

Muna ta dariya har ya saka na ƙasan adakata, wanda wani mai hoto ya ɗauke mu a Kurfi. Sai ga yaro a cinyar ƙanwar mijina, ga wata a gefe ta juya baya.

"Wace ce wannan mai fushin?"

"Ni ce. Yaron ɗan farina ne. A zamaninmu ba a ɗaukar ɗan fari gaban mutane, ko sunansa ba a faɗi. Kunya."

"Ina yake?"

"Ƙyanda ta tafi da shi a daminar shekarar da aka ɗauki hoton. Hotonsa ke nan a duniya."

Nura ya ce zai iya haɗawa ya ɗora mini shi a cinya. Na ce a'a, kar kwamfuta ta yi mini ƙarya. Ya dai ƙara mini girman fuskar.

Na dubi yaron na ce, "Auwalu." Ban taɓa kiransa da bakina ba sai jiya.

Sa'o'ina mata, ku ma akwai sunan da kuka haɗiye? Ku faɗa mini, kuma ku sa shi a addu'a.