Goro Uku, Baƙi Shida

Shekarar da sojoji suka koma bariki ina aji biyar a Agege. Bayan magariba, in an ɗauke wuta, mukan kewaye murhun gawayin kakata, wadda muke kira Iya, ƙarar motocin haya na danfo na shigowa daga titi.

Wata rana na dawo da sifili a lissafi. Malam ya ce in za a raba uku da ɗaya bisa biyu, sai a kifa ɗaya bisa biyun ya koma biyu, a ninka, amsa shida. Na ƙi yarda. Ta yaya za a raba abu ya ƙaru? Ga Baba ya ce in na faɗi jarrabawar shiga sakandare, shagon ɗinki zai kai ni.

Iya ba ta taɓa shiga aji ba, goro ta sayar duk rayuwarta. Ta saurari kukana, ta gyara garwashi.

"Share hawayenki, Binta. Ga wata tatsuniya nan tafe, ku matso."

Wai wata tsohuwa ce a bakin hanyar fatake, ɗanta ya tafi kudu shekara bakwai babu labari. Ran nan matafiya shida suka sauka a ƙofarta, ita kuwa goro uku ya rage mata. Maƙwabciya ta ce ta ba manya uku, sauran su yi haƙuri. Tsohuwa ta ƙi. Ta ɓare kowane goro biyu, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ɓarin ƙarshe ya faɗa hannun wani ɗan dako da ke rakuɓe a gefe. Ya yi godiya, ya tambayi sunanta. Da ya ji, sai ya miƙe: ai ɗanta na da rai, tare suke kwana a kasuwa.

"To, Binta, goro nawa?"

"Uku."

"Kowa rabi. Ya kai ga mutum nawa?"

Na ƙirga a yatsuna: shida, amsar Malam ke nan.

Na ci jarrabawar. Amma sai da na girma, 'yan ci-rani daga garinmu na Arewa suka riƙa sauka a gidana ba sanarwa, na gane abin da Iya ta koya mini. In na leƙa tukunya ba na tambayar nawa zan samu. Ina rage girman malmala ne, har tuwon ya kai ga na bakin ƙofa.