Jigidar Goggo Fanna

Ku da kuka zauna a unguwarmu ta bakin kogi kun sani, ba a ganin Goggo Fanna sai an fara jin ta. Kacau, kacau, tun daga lungun masu banda! Sauran mata jigidar tsakiya suke ɗaurawa a ƙugu. Ita kuwa, ƙanwar mahaifina, aninai ta zura a igiyar rama ta naɗe ƙugunta da su. Kullum bayan magariba sai ta kwance ƙulli, ta zura anini ɗaya, ta ɗaure, ta ce, "Na kogi ke nan."

Dalilinta ba ɓoyayye ba ne. Tana yarinya kogin Haɗeja ya cinye gonar kakana, lokacin haraji ya zo, aka ja jirginsa aka sayar yana kallo. Jirgin da nake su da shi yanzu, mahaifina ya sha wuya kafin ya sassaƙa shi, kuma shi kaɗai ne abincin gidanmu. Goggo ta rantse ba za a sake jan jirgi daga gidan nan tana raye ba. Mu kuma muka ga abin dariya.

Wata ranar kasuwa ruwa ya tsuge, ba ta sayar da ko kan tarwaɗa ba. Muka ce yau dai igiya za ta kwana da yunwa. Ina! Aka kai mata tuwonta, ta ɗauko akushin ta dire a gabana.

"Audu, ka ƙoshi?"

"Da saura, Goggo."

"To ga tuwo, anini ɗaya."

"Goggo, ai daga rumbuna aka ɗebo geron!"

"An ba ni ko ba a ba ni ba? In an ba ni, nawa ne. Kawo."

Na biya. Ta zura, ta sha ruwa, ta kwanta. Da asuba sai ga ta ta aiko a ba ta ɗumamen abin da na rage, wai ai tuwon dare ta sayar mini, ba na safe ba.

Akwai kuma akawun kantin Turawa da ya zo sayen kifin banda mai yawa, ya miƙa mata kuɗin takarda. Ta juya shi gaba da baya, ta ɗaga shi a rana.

"Ina hujin?"

"Iya, wannan ba ya da huji. Ya fi duk abin da ke ƙugunki daraja."

"Kuɗin da gara za ta ci, ruwa ya jiƙa, akuya ta tauna? Kai da aka kai makaranta, kai wa makarantar ka ce ta ajiye. Ni kawo mini mai huji."

Bawan Allah sai da ya zagaya rumfunan 'yan goro yana neman canji, ita kuma ta ƙara masa kuɗin kifin, wai na jira.

Wanda ba za ku manta ba shi ne ranar fito. Za ta biki a tsallake, kogi ya cika, Modu mai fito ya ce anini biyu. Ta ce ko ubanta bai haife ta don ta ba ruwa kuɗi ba. Ta ari gorar masunta, ta kife a kai, ta kama iyo. To gora ta saba ɗaukar mutum, ba ta saba ɗaukar baitulmali ba. Tana kai tsakiya, ƙafafu suka yi ƙasa, gora ta yi gabas. Modu ya tuƙo da gudu yana ihu.

"Iya, kwance igiyar!"

Ta ɗago kai ta tofar da ruwa. "Kwance taka!"

Mutum uku suka haɗu kafin a jefa ta cikin jirgi, kamar an kamo giwan ruwa. Da aka kai ta gaɓa, Modu ya buɗe tafin hannu. Tana matse zane ta dube shi sama da ƙasa.

"Na ce ka fitar da ni? Tsamo ni ka yi. Tsamowa ta Allah ce, je ka nemi ladanka a can."

Shekara da shekaru muna wannan dariya. Har waɗanda suka zo zaman makokinta suna ta share hawaye, da yawansu su ne masu koya wa 'ya'yansu su bi ta suna kacau-kacau da baki.

Sai shekarar da ta daɗe tana jira ta iso. Ruwa ya shanye geron fadama, ya tafi da komata ta kamun kifi, ya rushe rumbu. Haraji kuwa bai san an yi ambaliya ba. Bulama ya zo da malamin haraji da yaransa, suka wuce kai tsaye inda jirgin yake ɗaure. Ina tsaye ina kallo. Sai muka ji kacau, kacau.

Ba ta gai da kowa ba. Ta ce a shimfiɗa tabarma, ta juya baya, ta sa wuƙar gyaran kifi ta yanke igiyar. Aninai suka zube, baƙaƙe da zufa, suna warin banda. Malamin ya dafe kai.

"Iya, wannan ai sai la'asar muna ƙirga!"

"Ni shekarata nawa ina zurawa? Zauna."

Ya zauna. Ba ta ba shi ko ruwa ba. Aka ƙirga, haraji ya cika, suka tafi, jirgi yana nan a ɗaure. Na buɗe baki zan yi godiya, ta ce, "Rufe, ƙuda zai shiga. Ina aninin yau?" Da magariba sabuwar igiya ta hau ƙugu, da ƙwaya ɗaya tal, ba ta ko ƙara.

Igiyar ba ta yi tsawon da za ta yi ƙara sosai ba. A ciwonta na ƙarshe yatsunta sun kasa kwance ƙulli, matata ce take zura mata. Ranar Alhamis ɗin da ta cika, ta kira ni ta ce igiyar ta jirgi ce, kada wanda ya taɓa ta don sadakar uku, wai masu zuwa makoki su ci a gidajensu.

Igiyar tana rataye a ɗakina. Ina zura mata bayan magariba. Gidan ne dai ya yi shiru, har yanzu in iska ta kaɗa ƙyaure nakan ɗaga kai.

Allah Ya jiƙan Goggo Fanna. Ya sauƙaƙa mata nauyi, ita da ta ɗauki namu a ƙugunta muna dariya. Allah Ya tsallakar da ita lafiya, ba da ko anini ba. Amin.