Peso Biyar a Tashar Cebu

Shekara goma sha ɗaya Jumadil yana aiki a jirgin ruwan da ke jigila tsakanin Cebu da Tagbilaran a ƙasar Filifin, sanye da farar riga ƙal, yana nuna wa 'yan yawon buɗe ido kujerunsu. Abokan aikinsa sun ɗauka ɗan wani malamin makaranta ne daga Zamboanga, domin abin da ya gaya musu ke nan. Ba wanda ya san a cikin kwalekwale aka haife shi, cikin 'yan ƙabilar Badjao masu kewaye jirgi a tasha suna cafe kwabban da fasinjoji ke jefowa. Da nutso ya girma, har yau kunnensa na hagu ba ya ji.

Duk sanda jirgi ya tsaya a Cebu, sai ya ƙirƙiri aiki a ciki. Ran nan Dodong, abokin aikinsa, ya jawo shi waje, ya danƙa masa peso biyar.

"Kai sarkin rowa, jefa wa tsohuwar can mana! Dubi hannu, ko kwabo ba ya wuce ta."

Tsohuwar da ke ƙasa cikin kwalekwale, ta ɗaure buhu a sanduna biyu tana tarewa, ita ta haifi Jumadil. Turawa sun saita wayoyinsu don ɗaukar hoto. Jumadil ya jefa.

Ta cafe. Ta ɗago kai, ta dubi farar rigar, ta dubi Dodong, sannan ta ce da ƙarfi, "Na gode, yallaɓai!"

Yallaɓai. Ita da ke kiransa Madil tun yana cikin tsumma. Da ta tona masa asiri, da ya fi masa sauƙi.