Sunan da Inna Ba Ta Kira Ba

A ƙauyenmu na gefen Jahun, da an idar da isha'i ɗakin Kaka muke cika. Takan hura karan dawa a kasko, inuwarmu ta hau bango tana rawa. Yaya Rabi ba ta shiga cikinmu. Bakin ƙofa take zama tana murza zaren zaninta, ba ta kallon idon kowa. Ita ce 'yar farin Inna, don haka Kaka ce ta raine ta. Inna kuwa, saboda kunya, ko sunanta ba ta kira. "Waccan" take cewa.

Akwai tatsuniyar da har yau take tayar mini da tsigar jiki. Wata mata ta kwantar da jaririnta a rumbu ta tafi rijiya. Tana ba da baya, aljana ta sauko daga tsamiya, ta ɗauke shi ta kai kogon kuka. Kaka ta rage murya. "To jikokina, in uwar ta dawo, ina za ta nufa?"

"Rumbu!" muka ce.

"Kuka," in ji Yaya Rabi daga cikin duhu.

"Wa ya gaya mata?" in ji Kaka.

"Ai can yake."

Dama matan gari suna raɗe-raɗin iskokai sun musanya Yaya Rabi tun tana goye. Na lafe jikin Kaka, don ni a kunnena daga cikin kogon muryar ta fito. Can sai Yaya Rabi ta ce, "Kaka, me ya sa Inna ba ta sona?"

Kaka ta yi dariya. "Kunya ce, 'yar nan. A zuci ke ce gaban kowa. Ba a faɗa, ai kowa ya sani."

"Ni ban sani ba."

Sai da na yi aure a unguwar Takur na ji wata likita a rediyo tana bayanin galahanga, wata lalurar ƙwaƙwalwa da ake tasowa da ita tun yarinta. Ta ce wasu masana na ganin mai wannan lalura yana shan wuyar gane abin da ke ran wani, musamman in ya saɓa da abin da ke fili. Na zauna tukunya tana ƙonewa. Wato Yaya Rabi, baiwar Allah, ta girma cikin gidan da ake ɓoye so da gangan. Mu da muke da'awar lafiya ma ba mu fi ta ba, mun ɗauka abin da muka sani ita ma ta sani.

Na je gida na roƙi Inna ta kira sunan ko sau ɗaya. Ta ja mayafi ta rufe fuska. "Ni da tsufana? Bari dai, zan yi." Ba ta ga ƙarshen daminar shekarar ba.

Ranar sadakar uku na riƙe hannun Yaya Rabi ina kuka, na ce Inna ta faɗa mini da bakinta tana sonta.

Ta zare hannunta a hankali. "Ke ta faɗa wa," ta ce.